Sau Bakwai Ban Rubuta a Littafin Yaya Ba

Anti mai shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, saboda ran Alhamis ta sama za a zaunar da ni gaban manya a yi mini tambaya, ni kuwa ko malamin ajinmu ya ce in tashi in karanta sai in yi ta tuntuɓe da kalmomi. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara rubuta miki. Ukun farko na yayyaga su, don ina karantawa sai in ga na yi ta wanke kaina a ciki kamar wata tauraruwar littafi. Wannan karon zan faɗa yadda yake, ko da za ki ji haushina.

Shekarata sha shida. Mu biyu ne wajen iyayenmu, ni da Yayata, kuma yau wata biyar ke nan da rasuwarta. Ta rasu tana da shekara ashirin da uku. Allah ya jiƙanta.

Yaya tana da farfaɗiya tun tana 'yar shekara sha ɗaya. A gidanmu ba ma kiran sunan ciwon, "baƙon" muke cewa. Ita ta raɗa masa, wai baƙon da ba ya sallama kuma ba ya cire takalmi. Iri biyu ne. Akwai babba, wanda take faɗuwa jikinta ya sandare ya yi ta jijjiga. Akwai ƙarami, wanda in ba ka san ta ba ba za ka lura ba: sai ta yi shiru a tsakiyar magana, idonta a buɗe amma ba ta nan, yatsunta suna tsintar bakin rigarta kamar tana cire zare, minti ɗaya ko biyu, sannan ta dawo ta ce, "Me nake cewa ma?" Ban da wannan tana da ciwon damuwa, wanda likita ya ce shi ma ciwo ne mai zaman kansa, ba lalaci ba ne, ba shagwaɓa ba. Shi muke kira ranakun labule, don idan ya zo ba ta yarda a ɗaga labulen ɗakinmu. Sai ta juya wa bango fuska, ba ci, ba wanka, ba magana, wani lokaci har sati biyu.

Amma Anti, ba na so ki ɗauka Yaya wata abar tausayi ce. Wallahi ban taɓa ganin mai ban dariya irinta ba. Tela ce, kuma gwana. Tana iya kallon mace sau ɗaya ta faɗi awon kafaɗarta, a sa tef a ga daidai. Ni kuma, gaskiya, ba abin da na iya sai karatun littattafan soyayya. Idan magani ya sa idonta ya yi dishi-dishi ni nake karanta mata, ita kuma ta yi ta katse ni. In na zo wurin da saurayin ya tsaya cikin ruwan sama yana jiran yarinyar, sai ta ce, "Shi wannan ba shi da lema ne, ko ba shi da wurin aiki?" In yarinyar ta suma don farin ciki, sai ta ce, "A kwantar da ita ta gefe, a cire mata filo, mu mun san harkar." Ina fushi, ina dariya.

Bara ƙaramin ya zo mata tana kan keken lantarki a shagon da take aiki, allura ta huda mata farce. Mai shagon mace ce mai kirki amma ta tsorata, ta ce Yaya ta zauna a gida sai ta kawo takarda daga likita cewa za ta iya komawa kan keke. Likitan ya ƙara mata magani, ya kuma ce a riƙa rubuta duk zuwan baƙon a littafi. Da kansa ya ja layuka da rula a shafin farko: rana, lokaci, minti nawa ya yi, me take yi kafin ya zo, yaya ta farfaɗo. Baba direban motar kaya ne, yakan yi kwana huɗu ko biyar a hanya. Umma tana aikin wanki da guga a wani otal, in ta fita da safe sai yamma liƙis. Ni ce ke gida daga ƙarfe biyu, kuma ni ce mai kyan rubutu. Sai aka ba ni littafin, da tsohon agogon Baba wanda madaurinsa ya tsinke. Daga ranar Yaya ta sa mini suna Sakatariya.

Sabon maganin ya rage zuwan baƙon, amma ya mai da Yaya wata iri. Barci safe, barci rana. Hannunta yana rawa, har ni nake zura mata zare a allura, ita da take zurawa ba tare da ta duba ba. Ta ce ji take kamar an cusa mata auduga a ka. Ranakun labule suka yi ta ƙaruwa. Da muka koma asibiti likita ya ce idan aka samu 'yan watanni shiru, zai duba yiwuwar rage maganin ya kuma ba ta takardar.

To, nan ne na yi abin da na yi.

Wata rana ƙaramin ya zo mata muna zaune a bakin tebur. Da ta dawo na ɗauko littafin, sai ta dafa hannuna ta ce, "Haba Sakatariya, wannan ɗan mitsitsin ma sai ya shiga tarihi? Bar shi mana." Na bar shi. Bayan sati biyu aka sake, na sake bari.

Zan iya ce miki tausayinta ne kawai, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma wannan ɓangaren ne ya fi ba ni kunya. Akwai wani mai gyaran keken ɗinki da yake zuwa shagonsu. Sau ɗaya ya zo gidanmu ya duba ƙaramin kekenta na hannu. Dogo ne, mai sanyin murya. Yana kiran ta Gwana. Ya ce tun da ta bar shagon ba mai sa su dariya, da zai tafi kuma ya bar mata kwalbar man keke. Shi ke nan fa, Anti, abin da ya faru ke nan duka. Amma ni a kaina na gama rubuta littafi guda. Na ga ta koma shago, na ga ya riƙa ƙirƙiro lalacewar keke don ya zo, na ga ranar da baƙon zai zo mata a gabansa shi kuma bai gudu ba. A littattafan da nake karantawa, duk yarinyar da aka so da gaske warkewa take yi. Na yarda da haka har cikin raina. Na ɗauka abin da ya tsaya tsakanin Yaya da warkewa shi ne takardar nan, abin da ya tsaya tsakaninta da takardar kuma shi ne birona.

Cikin wata huɗu baƙon ya zo sau bakwai a gabana, ban rubuta ko ɗaya ba. Biyar ƙanana ne. Biyu manya. Na farkon a tsakanin kicin da falo ta faɗi, na kwantar da ita ta gefe, na riƙe agogo, minti uku da daƙiƙa arba'in. Ta ciji harshenta, da Umma ta dawo ta ga tana magana da ƙyar muka ce shayi ne ya ƙona ta. A ranar na ce mata ni kam wannan sai na rubuta. Ta riƙe mini riga tana kuka, ta ce in aka sake ƙara mata magani ta san labulen nan ba zai ƙara ɗaguwa ba, ta ce ita ba ta neman komai a duniya sai ta ji ƙarar keke ƙarƙashin hannunta. Anti, ni na fi tsoron labulen a kan baƙon. Baƙon minti huɗu ne ya tafi. Labulen kuwa ina kwana ɗaki ɗaya da shi.

Ranar da muka koma asibiti, likitan ya buɗe littafin shafi-shafi, ya yaba rubutuna, ya ce da kowane mara lafiya yana da irin wannan sakatariya da aikinsa ya yi sauƙi. Ya tambayi Yaya, babu ko ɗaya? Ta ce babu. Ya dubi wajena. Na sunkuyar da kai ina kallon wani tsagaggen tayil a ƙasa, na gyaɗa. Ya rage maganin kaɗan, ya rubuta takardar.

Sati bakwai ta yi tana zuwa aiki. Ban taɓa ganin ta haka ba. Tana dawowa da guntayen zare a jikin rigarta, tana waƙa a bayi, tana kwaikwayon yadda wata mai kawo ɗinki take shan numfashi ta matse ciki in za a auna ta. Ta kwance gefen rigunana biyu ta sa musu aljihu mai zurfi, daidai girman littafi, wai don in daina ɓoyewa a ƙarƙashin hammata kamar ɓarauniya. A makonnin nan ban ga baƙon ba ko sau ɗaya, amma yini take a shago, ban san abin da ban gani ba. Wata Asabar bayan mun ci abincin rana ta ce za ta ɗan kwanta. Ranar Umma tana hutu, da la'asar ta shiga tashin ta. Ba ta tashi ba. A asibiti suka ce da alama baƙon ne ya zo mata cikin barci.

Mai gyaran keken ya zo gaisuwa. Da matarsa ya zo, da jaririyarsu a kafaɗa. Ashe Yaya ma ita ta ɗinka wa jaririyar kaya. Ta sani tuntuni. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Yanzu ga inda nake. Umma ta sa littafin a leda ta ajiye a akwatinta, duk wanda ya zo sai ta fito da shi ta nuna masa fararen shafukan. Tana cewa, "Wata huɗu cur ba komai. Yarinya ta samu lafiya a kan maganinta, me ya kai likitan taɓawa?" Umma tana da hawan jini, kuma asibitin nan take zuwa. Ta rantse ba za ta sake taka shi ba. Maganinta ya ƙare fiye da wata guda, ba ta karɓo ba. Ina ganin ta tana dafe ƙeya idan ta dawo aiki. Baba ba mai faɗa ba ne, mutum ne mai shiru, ko motarsa ta lalace a hanya ba ya ɗaga murya, amma Umma ta yi ta yi har ya yarda a kai ƙorafin likitan wurin shugabannin asibiti. Kin san wa ya rubuta takardar ƙorafin? Ni. Baba yana faɗa ina rubutawa. Da hannuna na rubuta cewa littafin shaida ne. Sun ba mu ran Alhamis ta sama, kuma sun ce a zo da wanda ya riƙe littafin.

Akwai abin da ba wanda ya sani. Duk lokacin da ban rubuta a littafin likita ba, sai in kasa zama, sai in rubuta ranar da mintunan da fensir a cikin bangon baya na littafin soyayyar da ke hannuna. Huɗu suna ƙarƙashin katifata. Uku na aro ne, na mayar wa ƙawayena, ban san hannun wa suke ba yanzu. Wani lokaci ina tunanin in goge, wani lokaci ina tunanin in bi gida-gida in karɓo.

Ba na iya cin abinci sosai. In Umma ta kira "Auta" daga falo sai gabana ya faɗi, in ɗauka ta gano. Sai in je in tarar ruwa kawai take so, ta kama hannuna ta ce ni kaɗai na rage mata, ni da na kula da Yaya fiye da kowa. Littafi ma na daina karantawa, ina buɗewa sai in ji tashin zuciya.

Anti, in na faɗa, ina tsoron jinin Umma ya hau ta faɗi, ina tsoron ta daina kallona. Ina tsoron a riƙa tuna Yaya a matsayin wadda ta yi ƙarya, ita da ba ta nan balle ta kare kanta. In na yi shiru kuma, za a ɓata wa mutumin da ya yarda da rubutuna aiki, kuma sai na sake gyaɗa kai a gabansa. Sannan tambayar da ban iya yi wa kowa ba: ni na kashe ta?

Ki gaya mini abin da zan yi. Don Allah kar ki ce in bi zuciyata, ita ta kawo ni nan.

Taki,
Sakatariyar Yaya

*

'Yata,

Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba, saboda Alhamis ba ta jira. Allah ya jiƙan Yayarki. Daga 'yan layukan nan na ji ina ma na taɓa kai mata ɗinki.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ta hana ki cin abinci. A'a, ba ke kika kashe ta ba. Ciwon da ta yi shekara sha biyu tana fama da shi ne ya ɗauke ta, da ƙarar kwana. Ni ba likita ba ce, don haka na tambayi wata likita da na sani, ba tare da na nuna mata wasiƙarki ba. Ta ce irin wannan rasuwa cikin barci tana samun masu farfaɗiya, har da waɗanda ba a taɓa musu magani ba, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an yi kaza da ba ta faru ba. Amma ba zan shafa miki zuma ba, tun da kin zo mini da gaskiya: ta kuma ce da likita ya san da manyan nan guda biyu, da wuya ya rage maganin a lokacin. Ke nan kin yi kuskure, kuma kuskure ne mai nauyi. Kuskure daban, kisa daban. Ki riƙe wannan bambancin da kyau, za ki buƙace shi a kwanakin nan.

Kuma ki daina ɗaukar kayan ke kaɗai, don ba naki ba ne duka. Shekararki sha biyar a lokacin. An ba ki agogo da littafi aka bar ki da aikin da ko babba sai ya yi gumi, ba don iyayenki ba su damu ba, sai don dole su fita nema. Wadda ta roƙe ki kuwa Yayarki ce, babba ce, mai hankalinta, jikinta ne, kuma da bakinta ta ce wa likita babu. Ban faɗi haka don in ɗora mata laifi ba. Mace ce da aka sa a tsakanin ciwo biyu, ta zaɓi wanda take ganin za ta iya rayuwa da shi. Abin da ya kamata a ce ya faru shi ne ta zauna da likitan ta ce masa, baƙon yana zuwa, amma maganin nan ma yana cinye ni, a nemo mini wata hanya. Ba ta san za ta iya faɗin haka ba, ke ma ba ki sani ba. Wannan sati bakwai da ta yi tana waƙa a bayi kuma, gaskiya ne, ya faru, ba wanda zai ƙwace mata shi.

Yanzu abin yi. Ki faɗa, kuma kafin Alhamis. Na auna ɗaya gefen, ban raina tsoronki ba. Umma za ta ji zafi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake miki fuska ba. Amma dubi abin da shirun yake yi tun yanzu. Umma ta bar maganinta saboda ta yarda da fararen shafuka. Wani mutum zai tsaya kare kansa a kan abin da aka ɓoye masa. Ke kuma kina ramewa. In kika shiga ofishin nan da maganar a cikinki, ko dai ki sake gyaɗa kai ki ɗauki abin da ya fi wannan nauyi har tsufanki, ko ki fashe da kuka a gaban baƙi, Umma ta ji a wuri mafi muni. Gara ta ji a falonta.

Ki fara da Baba. Kin ce mutum ne da mota ke lalace masa a hanya bai ɗaga murya ba, to irin wannan ake fara gaya wa. Ranar da ya dawo daga tafiya, ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce kina da magana ku biyu. Na san bakinki zai ƙi buɗuwa. Ki rubuta a rabin shafi, ba ado, ba dogon bayani: sau bakwai ne, biyu manya, Yaya ta roƙe ni, ban rubuta ba. Ki miƙa masa, ki zauna a wurin har ya gama karantawa. Kar ki tura ta ƙarƙashin ƙofa ki gudu, wannan a littafi kaɗai yake kyau. Ki kawo masa littattafai huɗun nan ya ga fensirin da idonsa. Kar ki goge komai. Uku na wajen ƙawaye kuma ki bar su, bin su gida-gida dabara ce kawai ta jinkirta maganar, kuma ke ma kin sani.

Sannan ki roƙi Baba abu biyu. Na farko, kafin a gaya wa Umma, ya kai ta a auna jininta a karɓo mata magani, ko a wani asibitin ne in ta ƙi wancan. Wannan ba ya jiran kowa ya huce. Na biyu, ku gaya mata tare, yana zaune a gefenki. In ta yi kuka, ko ta faɗi maganar da ta soke ki, ki bar ta. Uwa ce da ta yi wata biyar tana jingine da fushin likita don kar ta faɗi, za a janye mata abin jinginar. Abin da ta faɗa a ranar farko ba shi ne hukuncinta a kanki ba. Matar da ke kama hannunki don kawai kin kawo mata ruwa ba za ta yar da ke ba.

Zaman Alhamis kuma ba sai an fasa ba. Baba ya janye ƙorafin, ya ce an samu ƙarin bayani, amma ku je. Iyayenki suna da tambayoyin da suka cancanci amsa, kuma likitan nan ya fi kowa iya gaya wa Umma abin da ya faru da 'yarta. Ke ma ki ba shi haƙuri, gajere, ido da ido in kin iya. Ina kyautata zaton ba ke ce farkon wadda ta kawo masa littafin da ya fi mara lafiyar lafiya ba.

Kina tsoron a tuna Yaya da ƙarya. Ni ina ganin yanzu ne ake tuna ta ba daidai ba. A labarin da ake bayarwa a gidanku, yarinya ce da ta warke aka zo aka cuce ta. Wadda kika rubuto mini kuwa mace ce da ba ta warke ba, ta san ba ta warke ba, amma ta so aikinta har haka. Ki ba Umma wannan 'yar tata, ita ce ta gaskiya, kuma ta fi waccan girma.

Maganar mai gyaran keke, ki yafe wa kanki. Duk wadda ta taɓa zama 'yar sha biyar ta aurar da mutane a kanta ba da saninsu ba, ni har malaman makarantarmu na haɗa. Littattafanki ba su yi laifi ba, sai dai ba a shan su a madadin magani. In zuciyarki ta kwanta za ki koma musu, da ido ɗaya a buɗe.

Abu na ƙarshe, kuma ba na wasa da shi: rashin ci, da faɗuwar gaba, da wannan tashin zuciyar, ki gaya wa Baba su ma. In suka wuce 'yan makonni bayan an yi maganar, ko kika fara jin duniyar ta ishe ki, a kai ki ki ga likita. Gidanku ya riga ya san ciwon damuwa ba shagwaɓa ba ne, kar a manta don ke ce.

Ki ci abinci yau, ko kaɗan ne. Allah ya yi wa Yayarki rahama, ya ba Umma lafiya da sanyin zuciya, ya ba Baba kalmomin da zai tare ku da su. Ya sa ran Alhamis ku shiga ofishin nan ku uku, ku fito ku uku, ba wanda aka bari a baya.

Antinki